Samuel Colt

Samuel Colt (an haife shi ranar 19 ga Yuli, 1814, ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1862) ɗan ƙasar Amurka ne, mai ƙirƙira kuma attajirin masana'antu, wanda ya kafa kamfanin ƙera bindigogi na Colt a birnin Hartford da ke jihar Connecticut. Ya yi suna ne saboda libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, wadda ake iya harbawa sau biyar ko shida kafin a sake ɗura mata harsashi. An yi bindigogi masu juyawa kafin zamaninsa, amma shi ne ya fara ƙera su da yawa ta hanyar injina har suka zama hajar kasuwa. Makamansa sun yi tasiri a yaƙe-yaƙen Amurka na ƙarni na 19, kuma tsarin masana'antarsa ya zama abin koyi ga masu ƙera wasu kayayyaki.

Farkon rayuwa

An haifi Colt a Hartford. Mahaifinsa Christopher Colt manomi ne da ya koma kasuwanci, mahaifiyarsa kuwa Sarah Caldwell ta rasu sakamakon tarin fuka tun yana ɗan shekara shida. Da ya kai shekara 11 aka kai shi wurin wani manomi a Glastonbury, inda yake aikin gona yana kuma zuwa makaranta. A shekarar 1829 ya koma aiki a masaƙar mahaifinsa da ke Ware, a jihar Massachusetts. A nan ya samu kayan aiki da sinadarai, ya shiga gwaje-gwaje da albarushi da wutar lantarki, har ya tayar da nakiya a ƙarƙashin ruwa a gaban jama'ar garin.

An sa shi makarantar kwana a Amherst, amma a 1830 wani wasan wuta da ya shirya ya jawo gobara, karatunsa ya tsaya. Mahaifinsa ya tura shi koyon aikin jirgin ruwa, ya shiga wani jirgi mai suna Corvo da ya nufi Kalkata a Indiya. A wannan tafiya ce ya sassaƙa samfurin bindiga mai juyawa da itace. Shi da kansa ya danganta tunanin da yadda ya ga ana juya na'urorin jirgin ana kuma kulle su da ƙarfe don kada su koma baya.

Da ya dawo gida a 1832 ba shi da jari. Sai ya riƙa yawo gari-gari a Amurka da Kanada da sunan Dakta Coult, yana nuna wa 'yan kallo yadda iskar nan mai sa dariya take aiki, ana biyansa. Da kuɗin da ya tara ya ɗauki maƙeran bindiga aiki, musamman John Pearson na Baltimore, suka ƙera masa samfuran farko na ƙarfe.

Yadda bindigar take aiki

A bayan bututun libarbar Colt akwai ganga mai ramuka biyar ko shida. Ana zuba albarushi a kowane rami ta gaba, a danna dunƙulen dalma a kai, sannan a kafa 'yar hular tagulla mai ɗauke da sinadarin tayar da wuta a bayan ramin. Idan mai harbi ya ja gudumar bindigar baya da babban yatsa, wani ɗan ƙarfe yakan tura gangar ta juya, wani kuma ya kulle ta daidai lokacin da rami ya saitu da bututu. Aikin kunama guda ɗaya ne, sakin gudumar ta faɗa kan hular. Shi ya sa ake kiran irin wannan bindiga mai aiki ɗaya. Haɗa ɗana guduma da juya ganga a motsi guda shi ne ginshiƙin ƙirƙirar Colt, domin a bindigar da Elisha Collier ya yi kafin shi, wadda ke aiki da ƙanƙara, yawanci da hannu ake juya gangar.

Kamfanin Paterson

Colt ya samu takardar haƙƙin ƙirƙira a Ingila a 1835, sannan a Amurka ranar 25 ga Fabrairu, 1836. A wannan shekarar, tare da masu zuba jari, aka kafa kamfani a Paterson da ke jihar New Jersey. Bindigar da aka ƙera a can tana da ramuka biyar, kunamarta kuma a naɗe take, ba ta fitowa sai an ɗana guduma.

Ciniki bai kankama ba. Bindigar tana da tsada, tana da ƙananan sassa masu saurin lalacewa, ga tattalin arzikin Amurka ya shiga matsala a 1837. Sojoji sun sayi kaɗan don yaƙin da suke yi da ƙabilar Seminole a Florida, Jamhuriyar Texas ma ta saya wa rundunar ruwanta. Wannan bai isa ya riƙe kamfanin ba, ya durƙushe a 1842.

Bayan haka Colt ya koma kan nakiyoyin ƙarƙashin ruwa don kare tashoshin jiragen ruwa. Ya tarwatsa tsofaffin jirage a gaban jami'an gwamnati, amma ba a karɓi tsarin ba. Ya kuma yi aiki da Samuel Morse, mai wayar tangaraho, wajen samar da wayar da ruwa ba ya shiga.

Libarbar Walker

Bindigogin da Texas ta saya sun faɗa hannun mahaya dawakinta masu tsaron iyaka. A 1844 wata 'yar ƙaramar tawaga ƙarƙashin Jack Hays ta yi arangama da mayaƙan Comanche da suka ninka ta yawa, ta kuma yi galaba. Kafin lokacin, mahayi yakan yi harbi ɗaya ne ya tsaya ɗuri, alhali mai kwari da baka yana sakin kibiyoyi da yawa a wannan tazarar. Libarba ta juya wannan lissafi, ta zama ɗaya daga cikin makaman da aka yi amfani da su wajen raba 'yan asalin Amurka da filayensu.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, Kyaftin Samuel Walker, wanda ya ga aikin bindigar a Texas, ya nemi Colt. Suka tsara sabuwa mai ramuka shida, mai babban harsashi, mai nauyin kusan kilo biyu. A farkon 1847 gwamnati ta ba da odar guda 1,000. Da yake Colt ba shi da masana'anta a lokacin, an ƙera su ne a ma'aikatar Eli Whitney ƙarami da ke Whitneyville. An kashe Walker a fagen daga a Huamantla cikin Oktoban 1847.

Bindigar Walker tana da nata lahani: gangar wasu takan fashe idan albarushi ya yi yawa, sandar ɗurinta kuma takan faɗo ta hana ganga juyawa. An gyara waɗannan a samfurin Dragoon na 1848. Daga nan aka fitar da ƙaramar ta aljihu a 1849, daidai lokacin da jama'a ke tururuwar neman zinariya a Kalifoniya, sai Navy ta 1851 da Army ta 1860.

Masana'antar Hartford

Ribar odar gwamnati ta ba Colt damar buɗe tasa ma'aikatar a Hartford. A 1849 ya ɗauki Elisha Root, ƙwararren injiniya, ya danƙa masa tsara injina. Burinsu shi ne a yanke kowane sashe da inji bisa ma'auni ɗaya, ta yadda sashen wannan bindiga zai shiga waccan. Ba a rabu da aikin hannu gaba ɗaya ba, domin sai maƙeri ya goge ya daidaita sassan a ƙarshe, amma farashi ya sauko, adadin da ake ƙerawa ya ƙaru ƙwarai.

Ya sayi fadamar da ke gefen kogin Connecticut, ya gina mata ganuwar ƙasa don tare ambaliya, ya kafa babbar masana'anta a 1855, mai shuɗiyar ƙubba da ake hangowa daga nesa. Ya gina wa ma'aikata gidaje da zauren taro, ya sa aiki awa goma a rana. A ɗaya ɓangaren kuma an san shi da tsanani, har da yi wa ma'aikata katsalandan kan wanda za su zaɓa.

Dabarun kasuwanci

Colt ya baje kolin bindigoginsa a babban bikin nune-nune na Landan a 1851, ya kuma buɗe masana'anta a unguwar Pimlico ta birnin, wadda aka rufe a 1856. Yakan ba sarakuna da manyan hafsoshi kyautar bindigogi masu ado da zinariya, cikinsu har da Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya da Sultan Abdulmajid na Daular Usmaniyya. Ya biya mai zane George Catlin ya zana hotunan farauta da ke nuna makamansa. Ya samu ƙarin wa'adin haƙƙin ƙirƙirarsa zuwa 1857, ya kuma kai masu kwaikwayonsa kotu, inda ya yi nasara kan kamfanin Massachusetts Arms a 1851.

Ya sha suka saboda ba ya zaɓen mai saye. A lokacin Yaƙin Kirimiya ya yi ciniki da Birtaniya da kuma Rasha, waɗanda ke yaƙar juna. Ya ci gaba da aika makamai jihohin kudancin Amurka har gab da ɓarkewar yaƙin basasa a 1861, abin da ya sa jaridun arewa suka zarge shi da goyon bayan 'yan aware. Bayan yaƙin ya fara, masana'antarsa ta zama cikin manyan masu samar wa sojojin arewa makamai.

Babban kuskurensa na kasuwanci shi ne watsi da shawarar ma'aikacinsa Rollin White, wanda ya kawo tsarin huda ramukan ganga su zarce har baya. White ya yi rajistar tsarin a 1855, kamfanin Smith & Wesson ya karɓi lasisinsa ya yi amfani da shi wajen ɗura harsashi mai kwanson ƙarfe ta baya. Kamfanin Colt bai samu damar bin wannan hanya ba sai da wa'adin ya ƙare a 1869.

Iyali da rasuwa

Colt ya auri Elizabeth Jarvis ranar 5 ga Yuni, 1856, suka zauna a gidansu mai suna Armsmear a Hartford. Cikin 'ya'yansu, Caldwell Hart Colt ne kaɗai ya girma. Ɗan'uwan Samuel, John C. Colt, an same shi da laifin kashe wani mai ɗab'i a New York, ya mutu a kurkuku a 1842 a ranar da aka tsayar don rataye shi.

Samuel Colt ya rasu a Hartford yana da shekara 47, bayan fama da ciwon gaɓoɓi. Ya bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 15. A Fabrairun 1864 gobara ta cinye babban ɓangaren masana'antar, matarsa ta sa aka sake gina ta. Ita ta riƙe mafi yawan hannun jarin kamfanin har 1901, ta rasu a 1905.

Abin da ya bari

Bindigar da ta fi ɗaukaka sunan Colt, wato Single Action Army, wadda ake yi wa laƙabi da Peacemaker, ta fito ne a 1873, shekara 11 bayan rasuwarsa. William Mason da Charles Richards ne suka tsara ta bisa tsarin aiki ɗaya da ya kafa, amma da harsashi mai kwanson ƙarfe. Sojojin Amurka sun karɓe ta, makiyayan shanu na yammacin ƙasar ma suka riƙe ta. An daina ƙera ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka dawo da ita a 1956 saboda farin jinin fina-finan kaboyi.

A farkon shekarun 1980 aka fara gasar harbi irin ta kaboyi a kudancin Kalifoniya, kuma a 1987 aka kafa ƙungiyar Single Action Shooting Society da ke tsara dokokinta. Masu gasa suna sa tufafin ƙarni na 19, suna harbin fallayen ƙarfe da libarba biyu masu aiki ɗaya, doguwar bindiga da kuma ta farauta, ana auna su da lokaci. Yawancinsu suna amfani da kwafin da kamfanonin Uberti da Pietta na Italiya suke yi, ko kuma Ruger Vaquero. Maƙeran bindiga sukan goge sassan ciki su yi santsi, su sa sifirin mai laushi, su sauke kan guduma don yatsa ya kai gare ta da sauƙi, duk a cikin iyakar da dokokin gasar suka yarda. Ana ɗura harsashi biyar ne kawai, a bar guduma a kan ramin da babu komai, domin tsohon tsarin Colt yana iya tashi idan bindigar ta faɗi.

An sa sunan Colt a zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka a 2006. Unguwar masana'antarsa, Coltsville, ta shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa a 2008.