Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

A Gesheme, kamar ko'ina cikin Arewa, rana ba ta ƙaranci. In bazara ta yi, ƙarfen da aka bari a fili ba ya taɓuwa da hannu. Amma kuma mata suna tafiya nesa neman itacen wuta. Akwai wani ɗan Nijar da ya daɗe yana tunani bisa wannan abu: ga zafi kyauta a sama, ga itatuwa suna ƙarewa a ƙasa. Sunansa Abdu Mumuni Joffo.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, sa'an nan ya tafi Senegal, makarantar William Ponty. Daga can ya wuce Faransa, ya karanta ilimin fizik. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai da ake kira agregasiyo. Ya koyar a Dakar, da Konakiri, da Yamai. Ya ƙaro ilimi a Tarayyar Sobiyet, kana ya buɗe ɗakin binciken ƙarfin rana a Bamako cikin 1964. A 1969 ya komo gida, aka ba shi shugabancin ONERSOL, ma'aikatar ƙarfin rana ta Nijar.

Aikin ONERSOL ba na mutum guda ba ne. Akwai masu bincike, akwai injiniyoyi, akwai masu walda da masu yankan ƙarfe. Wasu sun yi jami'a, wasu kuwa hannunsu ne ya san aiki. Abdu Mumuni bai yarda bincike ya tsaya bisa takarda ba. Abin da aka gano, so yake a ƙera shi nan Yamai, da hannun ƴan ƙasa. Na'urar da aka sayo daga waje tana da tsada, in ta lalace kuma sai a rasa mai gyara.

Ga misalin na'urar dafa ruwa da suka ƙera. Akwati ne mai faɗi, da baƙin faranti a ciki, da gilashi a bisa. Rana ta gasa farantin, farantin ya gasa ruwan da ke cikin bututu. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka yana hawa da kansa zuwa cikin tanki. Ke nan tilas tankin ya kasance sama da akwatin. Mai binciken ya san dalili. To, in mai haɗawar bai san shi ba fa? Wata rana zai aje tankin inda ya ga dama, ruwa ya ƙi hawa, mutane su ce na'urar banza ce. A irin wannan ma'aikata umurni kaɗai ba ya isa, sai shugaba ya sa kowa ya gane abin da yake yi. Nan koyarwa ta yi wa Abdu Mumuni rana, domin malami ne tun kafin ya zama shugaba. Sun ƙera murhun rana, da na'urar tace ruwa, da ta shanya abinci. Matasan da suka yi aiki tare da shi, irin su injiniya Albert Wright, su suka ci gaba da aikin bayansa.

Wannan ra'ayi ba a ONERSOL ya fara shi ba. Tun 1964 ya buga littafi da faransanci bisa sha'anin ilimi a Afirka. A ciki ya nuna ya kamata yaro ya soma karatu da harshen da yake ji, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Shekara tara bayan haka, a 1973, aka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da hausa da faransanci a Damagaram, garin da ya yi karatu yana yaro.

A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai, bai kuwa saki ONERSOL ba sai 1985. Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991, aka kai shi Kirtashi, garin iyayensa, aka rufe. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.