George Washington Carver: Malamin Da Ya Nemi Arziki A Juji

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, ga taƙaitaccen tarihin wani malami da ya cancanci a san shi a ƙasar noma irin tamu.

An haifi Carver cikin bauta a jihar Mizuri ta Amurka wajen shekarar 1864. Ya tashi maraya, ga rashin lafiya, har wata kwaleji ta ƙi karɓarsa saboda baƙar fatarsa. Bai karaya ba, sai da ya sami digiri na biyu a fannin noma a Ayowa a 1896. A shekarar nan Booker T. Washington ya gayyace shi Kwalejin Taskigi da ke Alabama, inda ya koyar shekara 47.

Da ya isa babu kayan gwaji, sai ya ɗebi ɗalibansa suka shiga juji suna tsintar kwalabe da tsofaffin tukwane. Ya tarar auduga ta tsotse ƙasa, manoma na cikin bashi. Ya ce su riƙa sauya ta da gyaɗa da wake da dankali. To, in an noma wa zai saya? Nan ya duƙufa bincike, ya nuna hanyoyi kusan 300 na sarrafa gyaɗa, har da sabulu da rini da takarda. Kaɗan ne suka shiga kasuwa, amma tunaninsa ya ɗore: gona tana iya ciyar da masana'anta. Wannan ne ya haɗa shi abota da Henry Ford mai ƙera motoci a 1937. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943, bayan ya ba da ajiyarsa don ci gaba da bincike.

A yau daga totuwar masara da tuƙar rake ake tace sinadarin farfural, wanda ake haɗa ƙaro na masana'antu da shi, a Barazil kuwa motoci na tafiya da man da aka samo daga rake.

Mu a Anka da Gummi da Bukkuyum, karan dawa da ɓawon gyaɗa dabbobi da murhu muke bar wa. A 2010 mun ga yadda gubar dalma ta haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yaranmu. Alhali ga arzikin da yake tsirowa kowace damina. Ya kamata ƙungiyarmu ta fara da gyara wa ƙannenmu ɗakin gwajin kimiyya. Allah Ya ba mu iko, amin.