Menachem Begin: mutumin da ya fara jagorantar jam'iyyar Netanyahu

In kana bibiyar labaran Falasɗinu a Facebook ko TikTok, ba makawa ka ci karo da sunan Likud, jam'iyyar Netanyahu. To amma ka san wanda ya fara jagorantar ta? Menachem Begin ne. In ba ka san shi ba, da wuya ka gane inda rigimar matsugunan Yahudawa ta yi ƙarfi.

An haife shi a 1913 a garin Brest, wanda yau ke cikin Belarus. Ya karanta aikin lauya a Warsaw, ya shiga ƙungiyar matasa ta Betar, mabiya Ze'ev Jabotinsky, masu ganin ƙasar duka ta Yahudawa ce, har da gabashin Kogin Jodan. A 1940 Tarayyar Sobiyet ta ɗaure shi, 'yan Nazi kuma suka kashe iyayensa da ɗan'uwansa. Da wannan tabon ya iso Falasɗinu a 1942, lokacin tana hannun Turawan Ingila.

Nan fa ya karɓi ragamar ƙungiyar Irgun mai ɗauke da makamai. Ita ce ta tayar da bom a otal ɗin King David na birnin Ƙudus a Yulin 1946, mutum 91 suka mutu, Larabawa da Turawa da Yahudawa. A Afrilun 1948 mayaƙanta da na ƙungiyar Lehi suka kashe Falasɗinawa sama da 100 a ƙauyen Deir Yassin. Ingila kam ɗan ta'adda ta ɗauke shi, har ta sa ladan kuɗi ga wanda ya kamo shi.

Da aka kafa Isra'ila sai ya kafa jam'iyyar Herut. Sau 8 yana shan kaye a zaɓe, bai haƙura ba. A 1973 ya haɗa kai da Ariel Sharon da wasu jam'iyyu aka samar da Likud. A 1977 suka ci, da ƙuri'un Yahudawan da suka yi ƙaura daga irin su Maroko da Iraƙi, waɗanda ke ganin jam'iyyar Labour ta raina su.

Ga inda abin zai ba ka mamaki. Wannan dai mutumin ne ya karɓi Anwar Sadat na Masar a Ƙudus, suka cim ma yarjejeniyar Camp David a 1978, aka ba su lambar Nobel tare, ya mayar wa Masar yankin Sinai. Amma Gaɓar Yamma fa? Ko taku ɗaya bai saki ba, sai ma ƙara gina matsugunai da gwamnatinsa ta yi.

A 1982 ya tura soja Lebanon. A watan Satumba mayaƙan Kiristocin Lebanon, ƙawayen Isra'ila, suka yi kisan kiyashi a Sabra da Shatila, sojojinsa na kewaye da wurin. Bayan wata biyu matarsa Aliza ta rasu. Ya yi murabus a 1983, ya kulle kansa a gida har ya mutu a 1992.

Don haka in ka ga labarin wata ƙasar Larabawa ta shirya da Isra'ila alhali ana ci gaba da gine-gine a filayen Falasɗinawa, kar ka ɗauka sabon salo ne. Begin ne ya fara taka wannan hanya, tun kafin a haife mu.