Taƙaitaccen Tarihin Andreas Marggraf, Masanin da Ya Tace Tutiya

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Andreas Sigismund Marggraf a birnin Balin na ƙasar Jamus a ranar 3 ga watan Maris, 1709. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne a fadar sarki, don haka ya tashi cikin awo da tace-tace tun yana yaro. Ya yi karatu a hannun Caspar Neumann a Balin, sannan ya tafi Halle ya karanci likitanci. A shekarar 1734 ya isa Freiberg, garin mahaƙa, inda ya koyi sanin ma'adinai da narka ƙarafa a wurin Johann Henckel. Daga nan ya komo gida, kuma a 1738 aka karɓe shi a Cibiyar Kimiyya ta Balin.

Matsalar Tutiya

Tun zamanin Rumawa maƙeran Turai suke dafa jan ƙarfe da wani ma'adini mai suna kalamin, sai su sami tagulla mai ruwan zinariya. Amma ba su san cewa akwai wani ƙarfe ɓoye a cikin kalamin ɗin ba, wato tutiya. Dalili kuwa shi ne tutiya tana tafasa a zafin digiri 907, zafin da bai kai wanda ake bukata don raba ta da ma'adininta ba. Saboda haka da zarar ta rabu sai ta tashi a matsayin tururi, ta haɗu da iska, ta ƙone ta zama farin gari. Mutanen Zawar a ƙasar Indiya sun shawo kan wannan matsala ɗaruruwan shekaru kafin Turawa, haka ma mutanen Sin, kuma daga can ne fatake suke kawo tutiya Turai. A Ingila ma William Champion ya sami lasisin tace ta a 1738.

A shekarar 1746 Marggraf ya gauraya kalamin da garin gawayi a cikin rufaffiyar tukunya wadda iska ba ta shiga, ba tare da ya sa jan ƙarfe ba. Da ya hura wuta, tururin ya taru a gefen da ke da sanyi, ya daskare ya zama ƙarfe fari mai ɗan shuɗi. Ya maimaita gwajin da kalamin na ƙasashe daban-daban, kuma ƙarfe iri ɗaya ya yi ta samu. Daga nan ya rubuta hanyar dalla-dalla, yadda duk wani masani zai iya bi ya gani da idonsa. Wannan ne ya sa ake jingina tace tutiya a Turai gare shi, ko da yake wasu sun riga shi. Abin da ya fi su da shi shi ne bayyana ilimin a rubuce tare da hujja.

Amfanin Tutiya Bayansa

A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya jera faya-fayen tutiya da na jan ƙarfe ya ƙirƙiro batir na farko, kuma har yau da tutiya ake yin gwangwanin batirin tocila na gama-gari. A 1837 Stanislas Sorel ya sami lasisi a Faransa na tsoma baƙin ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don hana shi tsatsa. Hikimar ita ce tutiya ke fara lalacewa kafin ƙarfen da ta lulluɓe, ko da an karce shi. Ta haka ake yin kwanon rufi da bokiti, kuma kusan rabin tutiyar duniya a wannan aiki take ƙarewa. Jikin ɗan Adam ma yana bukatarta kaɗan, shi ya sa likitoci ke ba yara masu gudawa ƙwayar zinki tare da ruwan gishiri da sukari.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

A 1747 Marggraf ya fitar da sukari daga saiwar bit, wani tsiro na ƙasashen sanyi, ya kuma tabbatar da madubin ƙara girma cewa daidai yake da na rake. Almajirinsa Franz Achard ne ya kafa masana'antar farko ta wannan sukari bayan rasuwarsa. A 1760 aka naɗa shi shugaban wani sashe na Cibiyar Kimiyya ta Balin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1774, amma bai yar da aiki ba. Ya rasu a Balin a ranar 7 ga watan Agusta, 1782, yana da shekara 73.

Auna Fahimta

1. Me ya hana maƙeran Turai samun tutiya tsantsa tun da farko?
2. Me ya sa ake jingina tace tutiya ga Marggraf alhali wasu sun riga shi?
3. Kawo hanyoyi uku da ake amfani da tutiya a yau.