Bob Payton, Ma'aikacin Talla Da Ya Koma Sayar Da Abinci

'Yan'uwa mata, yau za mu ba ku labarin wani Ba'amurke da ya ajiye babban aikin ofis ya kama sana'ar da yawancinmu muka sani, watau sayar da abinci.

An haifi Bob Payton a Amurka cikin 1944. Da ya gama karatu sai ya kama aiki a birnin Chicago da kamfanin J. Walter Thompson, wanda a lokacin yake shirya wa masu kaya talla a jaridu da rediyo da talabijin. Cikin 1973 kamfanin ya tura shi Landan.

A can ne ya lura ba a samun irin fizar da ya saba ci a Chicago. Ita fiza kwaɓin fulawa ne da ake shimfiɗawa a zuba masa cuku da tumatir a gasa. Ta Chicago kuwa a kasko mai zurfi ake yinta, tana da kauri, sai da wuƙa da cokali ake cinta. Aikin talla ya riga ya koya masa cewa abin da mutane suka rasa a kasuwa, nan ciniki yake.

Saboda haka ya bar albashinsa, cikin 1977 ya buɗe gidan abinci mai suna Chicago Pizza Pie Factory a wani lungu na unguwar St James's. Ya ƙawata wurin da alamu da hotunan Chicago, yadda duk wanda ya shiga zai fita da labari. Nan da nan Turawan Ingila suka riƙa yin layi a ƙofa. Daga nan ya kafa kamfanin My Kinda Town, ya buɗe rassa har a Faris. Daga baya ya sayi wani tsohon gidan masu sarauta, Stapleford Park, ya mai da shi otal.

Ya rasu a haɗarin mota arewa da birnin Landan cikin Yuli 1994, yana da shekara 50.

To, ke mai waina ko ƙosai, iya girki kaɗai ba ya kawo ciniki. Ki duba abin da unguwarku ta rasa, ki gyara shi da tsabta, ki kuma sa a sani, don rashin tayi akan bar araha.