Henry Graves: attajirin da ya ɓoye kansa, agogonsa ya tona shi

Ranar 11 ga watan Nuwamba na 2014, a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani agogon aljihu na zinari a kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 23 da ɗoriya, kwatankwacin dala miliyan 24, wato fiye da miliyar 12 na sefa a canjin wancan lokaci. Mutumin da ya sa aka ƙera agogon ya riga ya yi shekara 61 a kabari. Sunansa Henry Graves ƙarami, kuma da a ce yana raye, da babu abin da zai fi ɓata masa rai kamar ganin sunansa a shafin farko na jaridu.

An haife shi ranar 11 ga Maris na 1868 a garin Orange na jihar New Jersey, a Amurka. Bai tashi cikin wahala ba. Mahaifinsa babban mai hada-hadar kuɗi ne a New York, ɗaya daga cikin masu kamfanin Maxwell & Graves, kuma ɗan ya bi sawun uba: banki, hannun jari, layin dogo. A 1896 ya auri Florence Preston, suka haifi ƴaƴa huɗu, maza uku da mace ɗaya. Game da aikinsa na banki babu wani abin a zo a gani, dukiya ce ya tarar kuma ya ƙara mata auki. Abin da ya bambanta shi da sauran attajiran zamaninsa shi ne yadda yake kashe ta.

Graves mutum ne mai son tara abubuwa, kuma ba ya son na biyu a kyau. Ya tara zane-zanen tsofaffin gwanayen Turai, ya tara tsofaffin tsabar kuɗi, daga baya zuciyarsa ta tsaya a kan agogo. Ba ya baje kolinsu, ba ya kiran ƴan jarida. A bayan agogunansa yakan sa a zana tambarin gidansu, hoton gaggafa da wasu kalmomin Latin masu nufin zama abu ya fi nuna kamar shi ne.

To, ta yaya mutumin New York ke samun agogon da ake ƙerawa a Janiba, alhali teku na tsakani? A nan ne shagon Tiffany & Co. ya shigo. Tiffany gidan sayar da zinari da lu'ulu'u ne, ba maƙerar agogo ba, amma tun 1851 ya ƙulla hulɗa da kamfanin Patek Philippe, ya zama ƙofarsa a Amurka. A wancan zamani mai saye ya fi sanin mai shago da yake gani ido da ido, bai san maƙerin da ke wata uwa duniya ba. Shi ya sa ake buga sunaye biyu a fuskar agogo: na maƙeri da na mai shago. Sunan mai shago shi ne lamuni, kamar yadda a kasuwa mutum kan saye kaya saboda ya yarda da dillali. Haka gidan Gübelin na Lucerne ya yi, haka Beyer na Zurich, haka Serpico y Laino na Caracas. Ta hannun Tiffany ne Graves ya samu da dama daga cikin agogunansa, kuma a tsawon rayuwarsa ya mallaki na Patek Philippe sama da talatin, da yawansu an ƙera su ne a kan buƙatarsa shi kaɗai.

Akwai wani attajirin mai irin wannan ƙishi, James Ward Packard, injiniya mai kamfanin motoci. A 1927 Patek Philippe ya miƙa masa agogo mai ayyuka goma ban da nuna lokaci, har da taswirar taurarin da ke saman garinsu Warren na jihar Ohio. Masu gwanjo suna son ba da labarin a matsayin gasa tsakanin mutum biyu, domin gasa tana sayar da kaya. Abin da ya tabbata dai shi ne Packard ya rasu a 1928, shi kuwa Graves tun 1925 ya riga ya ba da odar agogon da zai fi kowane rikitarwa a duniya.

Aikin ya ci shekara takwas, tsakanin lissafi da ƙira, kuma duk da hannu da alƙalami aka yi shi, babu kwamfuta. An miƙa masa agogon ranar 19 ga Janairu na 1933. Nauyinsa ya ɗan haura rabin kilo, faɗinsa milimita 74, cikinsa ƙananan sassa 920. Fuska biyu gare shi, gaba da baya, da ayyuka 24. Yana nuna rana da wata da shekara ba tare da an gyara shi ba, ya san watan Fabrairu mai kwana 29, yana nuna girman wata da raguwarsa, yana faɗin lokacin fitowar rana da faɗuwarta a New York. In an taɓa shi cikin duhu sai ya buga ƙararrawa ya faɗi awa da minti, da irin sautin babban agogon majalisar dokokin Ingila. A fuskar baya kuma akwai sararin sama mai juyawa, taurari daidai yadda suke bayyana a saman gidansa na titin Fifth Avenue. Kuɗinsa faran 60,000 na Suwizalan, kusan dala 15,000.

Sai dai a duba shekarar. A 1933 Amurka na tsakiyar babban karayar tattalin arziki, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi, bankuna na rufewa, jama'a na jerin gwanon karɓar abinci. Shi kansa Patek Philippe ya jigata har ya canza hannu a 1932, lokacin da ƴan'uwa biyu, Charles da Jean Stern, masu ƙera masa fuskokin agogo, suka saye shi. Har yau zuriyarsu ce ke riƙe da kamfanin. A irin wannan yanayi, agogon dala 15,000 ba abin da mai hankali zai riƙa fitarwa a gaban mutane ba ne, balle mutum mai ɓoye kansa irin Graves.

Kuma agogon bai zo masa da farin ciki ba. Babban ɗansa ya riga ya rasu a haɗarin mota a farkon shekarun 1920. A ƙarshen 1934, ƙaramin ɗansa George shi ma ya rasu a haɗarin mota. Marubuciya Stacy Perman, wadda ta wallafa littafi a kan Graves da Packard a 2013, ta kawo labarin da ake bayarwa a cikin iyalin: wata rana yana cikin jirgin ruwa a tafki tare da ƴarsa Gwendolen, ya fito da agogon yana niyyar jefa shi a ruwa, don ya fara ganinsa a matsayin abin da ke jawo masa masifa. Ƴar ce ta hana shi, ta karɓa ta ajiye. A 1937 ya bayar da gidan hutunsa na tsibirin Eagle Island, a tafkin Saranac, kyauta ga ƙungiyar ƴan mata ƴan sikawut.

Ya rasu a New York ranar 21 ga Maris na 1953, yana da shekara 85, jama'a ba su san ko rabin abin da ya tara ba.

Agogon ya bi hannun Gwendolen zuwa ga ɗanta Reginald Fullerton, wanda ya sayar da shi a 1969 a kan dala 200,000 ga Seth Atwood, mai gidan adana agoguna a Rockford ta jihar Illinois. Sai a 1989 Patek Philippe ya ƙera wanda ya fi shi yawan ayyuka, mai 33, wannan karon da taimakon kwamfuta. A 1999 aka yi gwanjon na Graves a kan dala miliyan 11, ya koma hannun Sheikh Saud bin Muhammad Al Thani na gidan sarautar Ƙatar. Shehin ya rasu kwana biyu kafin gwanjon 2014, abin da ya ƙara wa masu camfi abin faɗa.

Agogunan hannunsa ma ba a bar su a baya ba. Bayan rasuwar Fullerton, a 2012 aka fitar da abin da ya rage a hannun iyali, ciki har da agogon hannu na zinari mai buga ƙararrawa, da tambarin gaggafa a bayansa, wanda aka saye a kan kusan dala miliyan 3. Shi kuwa sunan mai shago a fuskar agogo, wanda a zamanin Graves shaida ce kawai ta inda aka saye kaya, yanzu shi kansa kuɗi ne: agogo biyu iri ɗaya, mai ɗauke da sunan Tiffany ya fi tsada nesa ba kusa ba. A 2021 Patek Philippe ya fitar da agogon Nautilus guda 170 masu shuɗiyar fuska da sunan Tiffany, don cikar hulɗarsu shekara 170. Farashin shago bai kai dala 53,000 ba. Na farko da aka kai gwanjo a New York, a watan Disamba na shekarar, ya tashi a kan dala miliyan 6 da rabi.