KA'ABU ƊAN MALIK DA CUTAR SAI GOBE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, mutumin Madina ne daga ƙabilar Hazraju. Yana cikin waɗanda suka yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a Aƙaba tun kafin Hijira. Ya yi yaƙin Uhudu har ya sha raunuka. Kuma shi da Hassanu ɗan Sabitu da Abdullahi ɗan Rawaha su ne mawaƙan da ke kare Musulunci da harshensu. To, ku ji yadda jinkiri ya so ya halaka mutum irin wannan.

A shekara ta 9 bayan Hijira, watau 630 Miladiyya, aka yi shelar fita Tabuka. Ga tsananin zafi, ga nisa, ga dabino ya nuna. Ka'abu ba shi da uzuri ko ɗaya. Lafiyarsa lau, har raƙuman hawa biyu gare shi, abin da bai taɓa haɗawa ba. Niyyar tafiya kuma yana da ita. Amma kullum sai ya fita da safe don ya yi shiri, ya komo bai yi komai ba, yana ganin ai akwai lokaci. Har runduna ta tashi, mutum wajen 30,000. Ya ƙudurta zai bi bayansu bayan kwana ɗaya ko biyu. Nan ma bai tashi ba. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.

Da Manzon Allah ya dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo da uzurori da rantsuwa. Ka'abu ya ƙi bin sahunsu, ya faɗi gaskiya cewa ba shi da wani uzuri. Aka hana Musulmi yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har kwana 50. Ɗan baffansa Abu Ƙatada ma bai amsa masa sallama ba. Sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana zawarcinsa, ya jefa ta a wuta. Da aka kwana 40 aka umurce su su nisanci matansu. Duk da haka bai bar sallar jam'i ba. Daga ƙarshe Allah Ya karɓi tubarsu a aya ta 118 ta Suratut Tauba.

Bayan wannan ya yi alkawarin ba zai sake faɗin komai ba sai gaskiya, kuma ya cika. Ya makance da tsufa, ya rasu a zamanin Mu'awiya. Buhari da Muslim duk sun kawo labarinsa.

Jama'a, ku duba fa. Ka'abu bai taɓa cewa ba zai je ba, gobe kawai ya riƙa cewa. Mu nan Kwarbai, kusa da fada da masallacin Juma'a, kiran salla nawa muke ji muna cewa bari tukuna? Gado nawa aka ƙi rabawa har magada suka fara mutuwa? Ga bashi, ga ramuwar azumi, ga zuwa makarantar dare, duk mun jingine su ga goben da ba mu da tabbacin gani.

Maganin da muka koya daga rayuwarsa uku ne. Na farko, ka daina ƙirƙira wa kanka uzuri, ka kira kasala da sunanta. Na biyu, ka yanka wa aiki lokaci, ka fara yau ko da kaɗan ne. Na uku, kada ka ware daga jama'ar kirki, don wanda ayari ya bari shi kura kan samu.

Allah Ya tsare mu daga kasala da jinkiri, Ya sa mu cika da imani. Amin.